Sabon Kan Sarewar Yaya

Ban ji ƙarar wayar ba. Ina tsaye a tashar motoci ta Kudai, kusa da Harami, bayan azahar, ina duba takardar direbobin da za su fita da yamma, sai wani direba ya taɓa kafaɗata ya nuna aljihuna.

"Ya shaikh, wayarka tun ɗazu take kuka."

Na ciro ta, na ga kira huɗu daga matar Yaya. Na biyar shi ne yake shigowa, kuma lambar tela ce, aminin Yaya, mai shagon ɗinki a bayan tashar. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Auta, sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa."

Na yi salati. Na tambaye shi inda yake, ya ce asibiti. Na tambaye shi wa ya kai Yaya, ya ce shi ne, a motarsa, tun da hantsi. Kafin hawaye ya zo mini, tambaya ce ta fara zuwa. Me ya sa shi? Kuma wa ya ce ya kira ni Auta? Mutum uku ne suke kirana da wannan suna, Inna da Baba da Yaya, kuma daga wannan azahar ɗin babu ko ɗaya da ya rage a cikinsu.

An yi masa salla a Harami bayan magariba. Mu uku muka shiga kabarin: ni da babban ɗansa da tela. Ban hana shi ba. Ba a hana mutum lada a bakin kabari.

Yaya ya girme ni da shekara shida. Yana da sarewa, irin ta ƙarfe mai maɓallai, wadda ake riƙewa a gicciye. Ya saye ta a kasuwar gwanjo a Jidda lokacin da yake aiki a tashar jiragen ruwa, ya koya a hannun wani tsoho da ya taɓa busa wa sojoji. Gida uku ake raba ta: kai, jiki da ƙafa. Kan shi ne guntun bututun da ramin busawa yake jikinsa. Yaya yakan ce jiki da ƙafa yatsu suke bi, amma murya daga kai take fitowa.

Ba a taɓa busa ta a gidanmu ba. Baba ya ce kakanmu ya yi shekaru a hanya, daga ƙasar Kano ya ratsa Sudan da ƙafa, yana noma a nan yana dako a can har ya ga Ka'aba, kuma bai yi wannan tafiyar don jikokinsa su cika kunnen maƙwabtan Ɗakin Allah da busa ba. Yaya bai yi musu ba. Inna ce take ɓoye akwatin a ƙarƙashin tufafin haramin Baba da take ninkewa a kabad, domin ta san sau ɗaya a shekara yake taɓa wurin. Ko bayan rasuwar Baba, Yaya bai busa a cikin unguwa ba. Ya ce maganar tsoho ba ta mutuwa tare da shi.

Ni na samar masa wurin busa. Kamfanin da nake wa aiki yana da wani filin ajiye motoci a gefen hanyar Muzdalifa. Kwanaki kaɗan a shekara yake cika, har ba inda za ka sa ƙafa. Sauran watanni babu komai sai kwalta da tsaunuka da falwayoyin fitila a jere, kowace da lambarta. Mai gadi ya san ni. Ranar Juma'a bayan la'asar mukan je.

Mai busa ba ya jin kansa yadda na nesa yake jin sa, saboda sautin a gefen kunnensa yake tashi. Don haka muka yi wata dabara. Yaya zai tsaya a gindin falwaya ta farko ya fara busa, ni kuma in juya masa baya in yi ta tafiya. Inda sautin ya ɓace mini sai in tsaya in ɗaga hannu. Ranar da leɓensa ya yi daɗi, kuma babu iska, ina kai falwaya ta goma sha biyu. Idan ya kwana biyu bai busa ba, ta tara. Ko mura ce take shirin kama shi, ni nake fara sani.

Ya taɓa gwada koya mini. Wata guda ina hura ramin nan, iska kawai take fita, kamar mai huce kunu. Ya karɓe abinsa ya ce, "Shi ke nan, Auta. Allah ya raba mana: ni baki, kai kunne." Ban ji haushi ba. Kusan shekara talatin na riƙe wannan rabon, kuma ban taɓa ganin nawa ya gaza nasa ba.

Tela kuwa yana da duka biyun. Iyayensa ta Chadi suka biyo, kuma yana busa sarewar kara tun yana ƙarami. Ta ƙarfen ma yana taɓawa. Na san Yaya yana zama a shagonsa, su sha shayi, su yi ta maganar leɓe da numfashi, abin da ba ni da ta cewa a ciki. In na shiga sai su canza zance zuwa tsadar haya. Na bar musu shagon. Filin dai nawa ne.

Bara, bayan an watse daga Hajji, muka koma filin. Na juya baya na fara tafiya, sautin ya ɓace tun a falwaya ta takwas. Juma'ar da ta biyo, ta bakwai. Na dawo na same shi yana goge sarewar.

"Ko dai tafiyar ce ta fara isarka?" in ji shi. "Tumbin nan ba ƙaramin kaya ba ne."

"Tumbina lafiya lau. Kan nan ne ya tsufa kamar mai shi. Dubi bakin ramin, ya cinye."

Ya juya kan a hannunsa, ya kalli ramin, sannan ya kalle ni, kallo mai ɗan tsawo. Ya ce, "To. Tunda kunne ya faɗa, baki ba shi da ta cewa." Muka je muka sha shayi. Daga nan zuwanmu ya ragu. Yakan ce zafi ya yi yawa, ko gwiwarsa tana damunsa.

Kwana uku muka zauna makoki, tsakanin magariba da isha, a kujerun da aka jera a ƙofar gida. Tela ne yake zagayawa da butar gahawa. Mutane suna yi mini gaisuwa, su wuce su riƙe hannunsa shi ma, wasu har su daɗe a wurinsa fiye da yadda suka daɗe a wurina. Ina ƙirgawa. Ban so in ƙirga ba, amma ina ƙirgawa.

Rana ta huɗu matar Yaya ta aiko 'yarta ta kira ni. Daga bayan labule ta turo akwatin sarewar da wani dogon kwali.

"Ya ce in wani abu ya faru, kai za a ba," in ji ta. "Kwalin kuma daga Jidda yake, wurin mai gyaran sarewar nan nasa. Aro ne, na gwaji. Ni ban san kansu ba."

A gida na buɗe. Sababbin kawunan sarewa ne guda uku, kowanne a naɗe cikin ƙyalle. Bai gaya mini ya nema ba. Na ɗauki na farko, sai na ga zare a ɗaure a ƙarshensa, ja. Na biyu fari. Na uku baƙi. Ƙullin ƙanana ne, an datse bakin zaren daidai da almakashi. Yaya ko maɓallin rigarsa bai iya ɗaurawa ba. Na san hannun da ya yi wannan ƙullin.

Washegari na je filin. Mai gadi ya yi mini ta'aziyya, ya ce marigayin mutumin kirki ne, ko watan jiya ma ya zo sau biyu.

"Da wa?"

"Da wani dogo, mai tabarau. Ya ce kai ka ce a buɗe musu."

Na ce haka ne, ni na ce. Na shiga na tsaya a gindin falwaya ta farko. Da sunana aka buɗe ƙofar, aka shigo da wani ya taka layina. Na kalli falwayoyin har zuwa katanga, ina ganin bayan tela yana tafiya a hankali da wannan doguwar jallabiyar tasa, Yaya yana kallon hannunsa yana jiran ya ɗaga. Na yi wa Yaya addu'a a wurin, amma zuciyata ba ta huce ba.

Makonni uku ban bi ta bayan tashar ba. Nakan zagaya ta wajen masu sayar da sallaya da carbi, duk da hanyar ta fi tsawo. Tela ya kira sau biyu. Ɗaya ban ji ba, ɗaya na ji ban ɗauka ba. Wani lokaci bayan la'asar nakan haɗa sarewar da ɗaya daga cikin kawunan. Babu wanda ya zauna daidai. An naɗa musu siririn tef don kada su zame. Nakan hura, iska ta fita.

Sai mai gyaran ya kira daga Jidda. Dattijo ne, ya daɗe yana canza wa Yaya fatun maɓallai. Ya yi ta'aziyya, ya ce babu gaggawa, ko bayan Hajji ne. Abin da yake so in sani shi ne, wanda aka zaɓa, sai shi mai gyaran ya daidaita bakinsa da jikin sarewar, kuma in ya taɓa shi ba ya komawa, ya zama na wannan sarewar har abada. Ya ce marigayin ya gaya masa saura kaɗan ya yanke shawara. Ya tambaye ni wanne ne. Na ce zan kira shi.

Mutum ɗaya ne ya sani. Na ɗauki kwalin na tafi shagon.

Na same shi a kan keke yana ɗinka wuyan riga. Ya tashi, ya kawar da yadudduka daga kujerar da Yaya yake zama, ya ce in zauna. Na zauna a ɗayar. Ya zuba shayi.

"Ka ɓuya, Auta."

"Aiki ne."

"Aiki ne ya sa kake bi ta wajen masu carbi? Ina hango ka ta taga. Na ce ko tuba ya yi."

Ban yi dariya ba. Na ajiye kwalin a kan teburin yanka na ce, "Wanne ya zaɓa?"

"Bai zaɓa ba."

"Juma'a biyu kuka yi a filina."

"Biyu, haka ne." Ya cire tabaraunsa ya goge da gefen riga. "Ta farko ba mu tafi da waɗannan ba, ba su ma iso ba. Da tsohon kan muka je. Ya ce in juya baya in yi tafiya, in na daina ji in ɗaga hannu. Na ce wannan wane irin wasa ne, ya ce ba wasa ba ne, haka ake yi."

"A ina ka ɗaga?"

"Ban ɗaga ba. Katanga ce ta tsayar da ni."

Katangar tana bayan falwaya ta goma sha huɗu. Na ce iska ce ta taimaka. Ya ce babu iska ranar. Ya juya yana mayar da butar shayi a kan risho, ya faɗi wata magana.

"Me ka ce?"

Ya juyo. Bai ɗaga murya ba, ya dai tabbatar ina kallon bakinsa. "Na ce, a maƙabarta sau uku na yi maka magana daga hagunka. Ban ɗauka fushi ba ne. Na riga na sani."

Na riƙe kofin. Na tuna direban da ya taɓa kafaɗata. Na tuna matata tana cewa na cika ƙure talabijin, ni kuma ina cewa masu karanta labarai na yanzu ba su iya buɗe baki ba.

"To tunda kan lafiyarsa ƙalau," na ce, "me ya kai shi Jidda?"

"Haka na tambaye shi. Na ce, ya shaikh, ka kai yaron nan asibiti, ka bar sarewa ta huta. Ya ce wai yaro, mutumin da ya aurar da 'ya. Ya ce, in na gaya wa Auta kunnensa ne, zai ce to, ya gode, kuma ba zai ƙara taka filin nan ba har ya mutu. Na san shi. Gara in nemo kan da ya fi kaifi, in mayar da shi ta goma sha biyu, sannan a yi maganar likita a hankali."

Ya buɗe kwalin da kansa, ya jera kawunan a kan wani farin yadi. Yatsunsa sun san su.

"Juma'a ta biyu muka gwada waɗannan. Mai baƙin zare shi ya fi so. Muryarsa a ƙasa take, kamar mutum yana maka magana a ɗaki. Ya daɗe a kansa, har na gaji da tsayuwa. Sannan ya cire ya ce wannan ba zai kai wa Auta ba. Saura ja da fari, su ne masu kaifi. Ya ce waɗannan ba ni zan raba su ba, sai mai kunnen ya zo. Ya yi niyyar ya kai ka Juma'ar da ta biyo, sai ajali ya riga shi."

Na san abin da ya kamata in ji a lokacin, kuma na ji wani abu daga ciki. Amma ba shi kaɗai ba ne. Sun zauna a shagon nan, a kujerun nan biyu, sun yi maganar kunnena, sun yanke yadda za a lallaɓa ni. Wannan mutumin ya san ina kurumcewa kafin ni in sani. Kuma ya ji mai baƙin zare a bakin Yaya, abin da ni ba zan taɓa ji ba, ko da an ba ni sababbin kunnuwa.

"Me ya busa?" na tambaya.

"Wannan ɗin nan da yake yawan yi." Ya ɗan rera da hanci.

Na gane shi tun daga farkonsa. Inna ce take rera shi in tana tsince shinkafa, ba shi da baiti, ba shi da suna. Da shi Yaya yake gwada kowace Juma'a, da shi nake ƙirga falwayoyi. Na ce ya isa. Ya daina.

Da na tashi, ya naɗe kawunan ya mayar cikin kwalin. Ya ce, "Bakina bai kai nasa ba, ko kusa. Amma zan iya fitar da sauti. In ka shirya, wata Juma'a in tsaya a ta farko, kai ka yi tafiyarka. Ka raba ja da fari kamar yadda ya so. Ko ka riƙe baƙin, ba wanda zai ce maka don me."

Na ce in sha Allahu. A bakin ƙofa ya ce, "Auta." Na juyo. Ya ce, "Shi ya ce in riƙa kiranka haka. Ya ce in na ce malam, ba za ka saki jiki ba." Na ce na ji.

Na je asibiti. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara. Na kusa ɗaga hannu maimakon dannawa. Likitan ya tambayi aikina, na ce motoci, tun ina saurayi. Ya gyaɗa kai. Na hagu ya yi nisa, na dama yana bin sa. An ba ni na'ura ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Ina sa ta a wurin aiki. Da ita ina jin komai, har abin da ban nema ba, amma sautin kamar daga cikin gwangwani yake fitowa, kuma ban san ko halas ne a ƙirga falwaya da ita ba. Yaya ne zai iya yanke wannan.

Na tambayi matarsa ra'ayinta. Ta ce ita ba ta taɓa jin ya busa ba sai sau ɗaya, a mota, a hanyar Ɗa'ifa, kuma tun kafin a haifi babban ɗansu ne. Ta ce, "Ku kuka san abinku, kai da shi." Ban tambaye ta wane shi take nufi ba.

Wasu ranakun nakan ce baƙin zan riƙe, tunda shi ya so, kuma ya isa haka nan abin da ya bari saboda ni. Wasu ranakun nakan ce ai bai bar mini baƙin ba, aiki ya bar mini, in raba ja da fari. Amma kafin in raba su sai na miƙa wa tela sarewar, ya ɗora leɓensa inda na Yaya ya kamata ya zauna, ni kuma in juya masa baya in yi tafiya. Nan nake tsayawa kullum.

Hajji ya zo. Filin ya cika da motoci, na yi kwanakina a tsakaninsu ina nuna wa direbobi layi, na wuce falwayoyin nan sau da yawa ban ɗaga kai ba. Yanzu an watse, an share, mai gadi ya koma kujerarsa. Tela ya aiko mini da sabuwar jallabiya ta salla, ba tare da ya auna ni ba, kuma ta yi mini daidai. Na sa ta, na aika masa da godiya ta bakin matata.

Juma'a biyu ke nan filin babu kowa. Kawunan uku suna cikin kwalin da zarensu, ban kira mai gyaran Jidda ba, kuma ban gaya wa tela ranar da za mu je ba.